Jitar Bes da Amfilifaya Masu Sauƙin Kuɗi: Wacce Za a Saya, Wacce Za a Bari

Mai sayen jitar bes ta farko, wato jitar da ke fitar da sauti mai zurfi, yakan zuba kusan duk kuɗinsa a kan jitar, sannan ya tsinci 'yar ƙaramar amfilifaya da canjin da ya rage. Daga nan asarar take farawa. Tsirkiyar da ta fi kauri a bes, wato E, sau 41 kacal take kaɗawa a daƙiƙa guda, kuma kafin kunne ya ji sauti mai zurfi irin wannan, sai lasifika ta tunkuɗa iska mai yawa. Lasifika 'yar inci 6 ba ta da wannan ƙarfin. Ka haɗa mata jita mai tsada, abin da zai fito ɗan ƙwas-ƙwas ne marar gindi. Ka haɗa jita mai araha wadda aka saita da kyau da amfilifaya mai lasifikar inci 10 ko 12, sai ka ji sautin har cikin ƙirjinka. Saboda haka tun kafin a shiga kasuwa, a raba kuɗin kusan biyu: rabi na jita, kashi 40 cikin 100 na amfilifaya, ragowar na waya, maratayi, jaka, na'urar saita sauti da ladan mai gyara.

Tambayar da ke raba gardama ita ce: a ina za ka riƙa kaɗawa? Wanda zai koya a ɗaki shi kaɗai, da wanda zai tsaya kusa da mai ganguna a coci ko a wurin biki, da wanda zai riƙa ɗaukar sauti a situdiyo, jita ɗaya za ta iya yi musu duka, amma amfilifaya ɗaya ba za ta yi musu ba.

Fikof ne muryar jita

Fikof shi ne maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla aka dasa a ƙarƙashin tsirkiyoyi, shi ke mayar da kaɗawarsu wutar lantarki. A jitocin da ba su da tsada, irin fikof da wurin da aka dasa shi sun fi irin katakon jiki tasiri a kan sauti nesa ba kusa ba. Kada dogon bayanin mai shago a kan katako ya ɗauke maka hankali.

Samfuri uku ne suka mamaye kasuwa. Na farko shi ne P, daga Precision Bass da kamfanin Fender ya fitar a 1951, aka sa mata fikof mai gida biyu a 1957. Sautinsa mai kauri ne, yana da nama a tsakiya, yana zama daram a cikin taron kayan kiɗa. Kuma da yake an naɗe gidajen biyu a juye da juna, suna kashe ƙugin wutar lantarki da kansu. Na biyu shi ne J, daga Jazz Bass ta 1960: fikof biyu sirara, ɗaya kusa da wuya, ɗaya kusa da jakin da tsirkiyoyi ke hawa a ƙasa. Sautin J ya fi haske da kaifi, ya fi daɗin bugu da babban yatsa. Aibinsa shi ne in ka buɗe guda ɗaya kawai, yana jawo ƙugi daga fitilu, fanka da wayoyin gini. Sai an buɗe biyun daidai wa daida ƙugin ke ɓacewa. Na uku shi ne babban fikof mai naɗi biyu irin na StingRay ta kamfanin Music Man, wadda ta fito a 1976. Wannan yana da naushi da kaifi, ba ya ƙugi, amma muryarsa guda ce, ko ka so ta ko ka ƙi ta.

Akwai gauraye da ake kira PJ: fikof na P a tsakiya, na J a kusa da jaki. Ga mai farawa wanda bai riga ya san irin sautin da yake so ba, wannan ne ya fi dacewa. In wurin da yake kiɗa wayoyin wutarsa ba su da kyau, sai ya rufe J ya bar P, ƙugi ya tafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ginin da soket ɗinsa ba shi da wayar da ke sauke wuta ƙasa, ko inda ake aiki da janareta.

Mai batir ko marar batir

Jita marar batir ba ta da komai a ciki sai fikof, maɓallan murɗawa biyu ko uku da ɗan kafasito. Duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe dalma zai iya gyara ta. Mai batir kuwa tana da ɗan allon lantarki da batir mai bolt 9 ke ciyarwa, wanda ke ba ka damar ƙara zurfi ko kaifin sauti daga jikin jitar. Tana da daɗi, amma tana da sharuɗɗa. Muddin waya na soke a jikinta, batir na ci, ko da an kashe amfilifaya, domin soka wayar shi ne kunna allon. Da batir ya fara rauni sai sauti ya riƙa tsagewa kamar lasifika ta fashe, mutum ya yi ta zargin amfilifaya, daga baya sautin ya ɗauke gaba ɗaya. In allon kansa ya ƙone, samun irinsa wahala ne. Ra'ayinmu a nan a fili yake: jita ta farko ta zama marar batir, sai dai in tana da makunnin da ke mayar da ita marar batir idan an matsa.

Jitocin da suka cancanci a duba

Yamaha TRBX174 da Squier Affinity Precision Bass PJ su ne suka fi yin karo da juna. Dukansu PJ ne, marasa batir, tsawon tsirkiyarsu inci 34, kowacce da maɓallin ƙarfi biyu da na launin sauti ɗaya. TRBX174 tana da firet 24, wato ƙarafan da aka jera a kan wuya, jikinta ɗan ƙarami ne, kuma an san Yamaha da daidaiton aiki: in ka ɗauki guda biyar daga kwali, da wuya ka samu wadda ta bambanta da 'yan'uwanta sosai. Affinity tana da firet 20 da siffar Fender ta asali, kuma babbar fa'idarta ita ce kayan gyara. Fikof, jaki, kunnuwan ɗaure tsirkiya, kusan duk abin da aka ƙera don samfurin Fender yana shiga jikinta ko da ɗan gyara kaɗan, don haka ana iya inganta ta sannu a hankali. Sai dai ingancin gamawarta yana hawa da sauka, a duba gefen firet da kyau kafin a biya. Wanda ba shi da mai gyara a kusa ya ɗauki Yamaha. Wanda ke da niyyar canza kaya nan gaba, ko yana tunanin sayar da ita wata rana, ya ɗauki Squier, don sunan yana riƙe daraja.

In kuɗi sun ɗan ƙaru, Yamaha BB234 ta fi su duka cika da nauyin sauti. PJ ce ita ma, marar batir, firet 21. Jita ce da mutum zai shekara goma yana kaɗawa bai ji ta yi masa kaɗan ba.

Ibanez GSR200 ta masu ƙananan hannu ce da waɗanda nauyi ke damu. Wuyanta siriri ne, jikinta ba nauyi, firet 22, PJ. Amma tana da maɓallin ƙara zurfi da ake kira Phat II wanda ke aiki da batir, kuma masu koyo sukan murɗe shi har ƙarshe. Sakamakon shi ne sauti ya zama laka, ƙaramar lasifika ta yi ta tari. Kwata ɗin murɗi ya isa.

Sterling by Music Man Ray4 tana da fikof ɗaya mai naɗi biyu da allo mai batir. Ga mai son kiɗa mai naushi da ke ratsa ganguna da fiyano, babu kamarta a wannan farashi. Wutar da take fitarwa tana da ƙarfi ƙwarai, har takan cika bakin amfilifaya sauti ya tsage. Maganinsa a rage maɓallin shiga ko a soka ta a ramin da aka tanada don jita mai batir. Sire V3 kuma samfurin J ce mai batir biyu, tana da makunnin komawa marar batir, amma ta fi sauran tsada, maɓallanta kuma suna da yawa har sukan rikita mai koyo.

Faɗin wuya abu ne da hannu kaɗai ke yanke hukunci a kansa. A can sama inda tsirkiyoyi ke fita, wuyan samfurin J kusan milimita 38 ne, na P kuwa 41 zuwa sama. Milimita uku ba su da yawa a takarda, amma bayan awa biyu ana kiɗa, yatsu sun san bambancin. Ga yaro ko mai gajeren hannu akwai gajerun jitoci: Squier Bronco mai inci 30, da Ibanez Mikro GSRM20 mai inci 28.6. Tsirkiyarsu ta fi laushi, ratar firet ta fi kusa, sai dai samun tsirkiyar da ta dace da tsawonsu ya fi wuya.

Tsirkiya huɗu ko biyar? Mai biyar tana ƙara wata tsirkiya mai zurfi da ake kira B, wadda ke kaɗawa kusan sau 31 a daƙiƙa. Masu kiɗan coci suna son ta saboda yawan canza maɓallin waƙa. Amma a jita mai araha wannan tsirkiya ce ta fi ba da kunya: takan yi sako-sako, sautinta ya dushe, kuma ƙaramar amfilifaya ba ta iya fitar da ita. In dole sai biyar, a ƙara kuɗi a nemi irin su Yamaha TRBX305, a kuma haɗa ta da lasifikar da ba ta gaza inci 12 ba. In ba dole, huɗu ta wadatar.

Su kuma kwalayen nan da ake sayarwa jita da amfilifaya da jaka a haɗe, da suna wanda ba a taɓa ji ba, ko jitar da aka manna wa tambarin babban kamfani a ka alhali farashinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ta gaske ba, araha ba ta ado. Matsalarsu ba sauti ba ce, wuya ne: yakan zo a murɗe, firet wani ya fi wani tudu, ƙarfen cikin wuya, wanda ake juyawa don daidaita lanƙwasarsa, wani lokaci ba ya juyawa. Fikof marar kyau ana canza shi. Murɗaɗɗen wuya ba shi da magani mai araha.

Amfilifaya: wat, lasifika da ramin XLR

Kada a yi amfani da amfilifayar jita mai tsirkiya shida don bes, sai dai a hankali ƙwarai. Lasifikarta ba a yi ta don ta yi doguwar kai-da-komo ba, akwatinta kuma galibi a buɗe yake ta baya, babu iskar da za ta tare takardar lasifikar da ke kaɗawa. Ka buɗe murya ka bugi E, ba a daɗe ba takardar ta yage ko naɗin wayarta ya ƙone.

Lissafin wat yana yaudara. Ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara sau biyu, desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninku, sai wat ya ninku kusan sau goma. Don haka tsakanin wat 15 da wat 25 babu abin a zo a gani. Inda bambanci yake shi ne girman lasifika da akwati.

Matakin ɗaki shi ne Fender Rumble 25, Ampeg RB-108 mai wat 30 da Orange Crush Bass 25, dukansu da lasifikar inci 8. Suna da ramin abin sauraro na kunne da na haɗa waya don bin waƙa. Sun isa koyo, amma da mai ganguna ya zauna, sun ɓace. Kuma ba su da ramin XLR, wato ramin nan mai ƙafa uku da ake jan waya daga shi zuwa miksa, na'urar da ke haɗa sautin kayan kiɗa ta tura shi manyan lasifiku.

Wannan rami shi ne dalilin da ya sa muke ganin ya fi kyau a tsallake matakin farko a hau na biyu: Fender Rumble 40 ko Ampeg RB-110 mai wat 50, dukansu da lasifikar inci 10 da XLR. Da shi, amfilifayar ta zama abin da kai kake ji a kusa da kai, manyan lasifikun zauren kuma su ɗauki nauyin jama'a. Da shi kuma za ka shiga na'urar ɗaukar sauti kai tsaye. Rumble 40 kusan kilo 8 ce, ta ma fi Rumble 25 rashin nauyi, tana da maɓallan gyaran sauti huɗu, da makunnin yanke ƙugin da ke tasowa idan amfilifaya da miksa suna soket daban-daban. Sautinta a buɗe yake, mai taushi. Ampeg ta fi duhu da gurnani a tsakiya, kuma tana da ramin shiga biyu, ɗaya an rage masa desibel 15 don jita mai batir. Mai Ray4 sai ya lura da wannan.

Wanda zai tsaya da saitin ganguna ba tare da taimakon manyan lasifiku ba, wat 100 ne mafi ƙaranci: Rumble 100 mai inci 12 da nauyin kusan kilo 10, ko Ampeg RB-112, ko Hartke HD150 mai inci 15. Lasifikar Hartke rabinta takarda ce rabi alminiyom, shi ya sa sautinta ke da kaifi. Filin biki a waje kuwa, inda babu bangon da zai dawo da sauti, sai wat 200 zuwa sama. A nan a karanta rubutun da kyau. Rumble 200 wat 140 take bayarwa ita kaɗai, sai an ƙara mata wani akwatin lasifika mai om 8 take kai 200; om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta. Rumble 500 ma 350 ce ita kaɗai. Akwati biyu masu om 8 in an haɗa su suna zama om 4, kuma in aka sauka ƙasa da abin da aka rubuta a bayan amfilifaya, za ta yi zafi ta kashe kanta ko ta ƙone. Wayar jita kuma ba wayar lasifika ba ce ko da bakinsu iri ɗaya ne. Zaren cikinta siriri ne, ba ya ɗaukar wannan wuta.

Akwai hanya ta uku da ake mantawa da ita. Wanda kullum a wurin da ke da miksa da lasifiku yake kiɗa, zai iya barin amfilifaya ya sayi ɗan akwatin DI irin Behringer BDI21, wanda ke gyara sauti ya miƙa shi ta XLR, a gida kuma ya yi koyo da Vox amPlug Bass da ake soka wa jita kai tsaye a saurara ta kunne. Kuɗin da ya rage sai ya tafi kan jita mai kyau. Sharaɗin shi ne wurin ya kasance da lasifikar da ke fuskantar makaɗa, in ba haka ba ba zai ji kansa ba.

Wuta

Wutar Najeriya, Nijar da Gana bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 120. Amfilifaya da yawa an ƙera su ne don wutar ƙasa guda. Wadda aka yo wa oda daga Amurka, ko ta hannu da ta shigo a kwantena, in aka soka ta a soket ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙone. A karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. In an ga 120V kaɗai, a bar ta ko a sayi taransifomar da ƙarfinta ya ninka abin da amfilifayar ke ja. In an ga 100-240V, ko 220-240V, babu damuwa. A sa sitabilaiza a tsakani, kuma a kashe amfilifaya kafin a tada janareta ko a sauya layi, domin a wannan lokacin ne wuta ke yin tsalle.

Abin da za a duba kafin a biya

Ka ɗaga jitar ka leƙa wuyan daga kai zuwa jiki. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne. Abin gudu shi ne gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi. Sannan ka danne E a firet na 1 da na 17 a lokaci guda, ka dubi ratar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 8: kusan milimita 0.3 ake so, kaurin ɗan katin adireshi. Ka sa mai shago ya juya ƙarfen cikin wuya da alanki kaɗan a gabanka. In ya cije, ko yana juyawa ba ya kama komai, ka ajiye jitar komai kyanta.

Ka bugi kowane firet a kowace tsirkiya. Zizar da ke fitowa a wuri ɗaya tak alama ce ta firet mai tudu. Wadda ke ko'ina kuwa yawanci saiti ne. A tsirkiyar G, wato mafi siranta, tsakanin firet na 5 da na 7, akan samu sautin da ke mutuwa da wuri a jitoci da yawa, har masu tsada. In bai yi muni ba a haƙura. Ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi, ka girgiza waya a raminta, ka ƙwanƙwasa kowane fikof da sukundireba don tabbatar yana raye. Ka rataya ta a kafaɗa ka saki hannu: in kai ya rinjaya ƙasa, hannun hagunka zai riƙa ɗaukar wuya maimakon kiɗa, ko da yake maratayi mai faɗi yana rage wannan.

Amfilifaya ta hannu kuwa, a bar ta a kunne minti 15, don wasu laifuffukan sai ta yi zafi suke fitowa. A buɗe murya a riƙe E ta yi ta amo. Ƙarar gogayya na nufin naɗin lasifika ya taɓa ƙonewa. Kakkarwa kuma wataƙila sukurun akwati ne kawai suka kwance.

Saiti da yanayi

Kusan duk jita mai araha tana fitowa daga kwali da tsirkiya a sama da yawa, shi ke sa mai koyo ya ji yatsunsa na ciwo ya zaci laifinsa ne. Saitin yana da tsari, kuma ba a tsallake shi: a fara da ƙarfen wuya, kwata ɗin juyi a lokaci guda, a bar katako ya zauna kafin a ƙara. Sai tsayin tsirkiya a jaki, kusan milimita 2.4 a ƙarƙashin E da milimita 2 a ƙarƙashin G, an auna a firet na 17. Daga ƙarshe a gwada sautin firet na 12 da na tsirkiya a sake. In na firet ya yi sama, a ja sirdin jakin, wato ɗan ƙarfen da tsirkiya ke zaune a kai, baya, in ya yi ƙasa a matso da shi gaba. Tsirkiyoyi masu lamba 45 zuwa 105 su ne madaidaita ga mai huɗu.

Katako yana bin yanayi. Da hunturu ya shigo, wuya yakan bushe ya tsuke, bakin firet su leƙo ta gefe suna yankar hannu, saitin ma ya motsa. Da damina kuma ya sha danshi ya sake motsawa. Don haka a duba ratar firet na 8 sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon damina. Bakin firet da ya leƙo, mai gyara zai goge shi da ƙaramar zarto, kuma a lokacin hunturu ya kamata a yi, sa'ad da ya fi fitowa. A riƙa ajiye jitar cikin jakarta, nesa da taga da bangon da rana ke duka, kada a bar ta a but ɗin mota da tsakar rana. Bayan kowane kiɗa a share tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle sama da ƙasa, domin gumi da ƙura ne ke kashe musu haske tun kafin su tsufa.